Gardamar mota a fada: dokin sukuwa ko raƙumin tafiya?

A wannan mako filin namu zai leƙa wata gardama da ta daɗe tana cinye shayi da sukari a fadodin Yamai, daga Bukoki har Yantala: wace irin mota ce ta gobe, kuma ina kamfanin Peugeot, wanda iyayenmu ke kira Fijo, ya dosa da jerin motocinsa? Mai wucewa zai ɗauka hira ce ta marasa aikin yi. Amma duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwana a daji saboda ƙarfe guda, da duk ma'aikacin gwamnatin da ya haɗa albashin shekaru ya sayi mota, sun san cewa zancen ya shafi aljihunsu.

Masu gardamar sun kasu gida biyu. Samari, waɗanda ke bin labarin motoci ta wayar salula, suna murna da abin da kamfanin ya nuna a garin Le Mans cikin watan Yuni na 2025: wata ƙaramar motar gudu mai suna E-208 GTi, mai ƙarfin doki 280, wadda ba ta shan ɗigon mai, sai wutar batir. A ganinsu jikar 205 GTI ta 1984 ce ta dawo da sabuwar riga. Dattawa kuwa girgiza kai suke yi. Sun ce tun da kamfanin ya tsayar da ƙera 508 a 2025, zuriyar manyan motocin nan ta 404 da 504 da 505 ta yanke, abin da ya rage a jerin shi ne ƙananan motocin birni da masu tudun baya irin su 2008 da 3008 da 5008, waɗanda cikinsu ya cika da na'ura.

Dattawan suna da hujja, domin ƙasar nan ta san Peugeot a fagen fama. An fitar da 504 a 1968, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, kuma masana'antar Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Bashe da familiyal sun yi jigilar gero da fasinja tsakanin Maraɗi da Katsina, da tsakanin Damagaram da Kano, har mutane suka daina kallonsu a matsayin baƙi. Sirrinsu a fili yake: cikinsu ya ɗaga daga ƙasa, ƙafafunsu na jure burji da ramuka, injinsu kuma duk makanikin da ke da sifana da basira zai iya buɗe shi a gindin bishiya ya mayar.

Su ma samarin ba daga sama suka ɗauko sha'awar gudu ba. Tseren Pari-Dakar na farko, a Janairun 1979, ya ratsa ta Agadas da Yamai. Peugeot ta ci shi sau 4 a jere, daga 1987 zuwa 1990, da 205 da 405 na musamman, kuma 3 daga cikin nasarorin Ari Vatanen ne ke riƙe da sitiyari. Wanda ya kafa tseren, Thierry Sabine, da ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a 1986, a cikin Tenere aka watsa tokarsa. Sai dai ƙurar ta daɗe da kwantawa. A 2000, saboda barazanar tsaro, daga filin jirgin Yamai aka kwashi motocin ta sama zuwa Sabha ta Libiya. A 2009 tseren ya ƙaura Kudancin Amurka, a 2020 kuma Saudiyya. Rairayinmu ya daina zama wurin da ake jarraba mota, saboda haka injiniyoyi sun daina tunawa da mu sa'ad da suke zana ta.

To, a nan ne nake ganin ɓangarorin biyu duk sun saki reshe sun kama ganye. Mu dai ba masu sayen sabuwar mota ba ne. Tun faɗuwar darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma ga motocin hannu da ake saukewa a Kwatano da Lome. Wani rahoto na hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙidaya tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Ma'ana, abin da aka ƙera a Turai bana shi ne zai faka a ƙofar gidanmu nan da shekara 10 ko 15. Tarayyar Turai kuwa ta kafa doka a 2023 ta hana sayar da sababbin motoci masu hayaƙi daga 2035, ko da yake a ƙarshen 2025 an kawo shawarar sassauta ta. Ko an sassauta ko ba a sassauta ba, rijiyar da muke ɗiba ta fara canza ruwa.

Sai mu auna motar batir da ma'auninmu. Wannan E-208 GTi da ake yabo, cajinta guda bai kai kilomita 400 ba: wanda ya tashi daga Yamai ba zai ga Birnin Ƙonni ba, balle Damagaram mai nisan kusan kilomita 900. Zafin watan Afrilu da Mayu, mai wuce digiri 40, yana rage wa batir kwana. Ga kuma maganar wuta: lokacin da Najeriya ta yanke layin lantarki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kowa ya ga yadda NIGELEC ta shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Wanda bai samu na firij ba, ina zai samu na mota? Hatta Audi da ta ci Dakar a 2024 da motar da lantarki ke tuƙawa, sai da ta ɗora mata injin mai domin ya riƙa cika batir a hanya.

Duk da haka, kada a yi saurin yin dariya. Ƙarancin man da aka sha a watan Maris na 2025, alhali matatar SORAZ tana aiki tun 2011, ya nuna cewa dogaro ga mai shi ma rataye ne da igiyar rama. Injin lantarki ba ya son canjin baƙin mai, ƙarafunsa masu motsi kaɗan ne, rana kuma Allah ya hore mana ita kyauta. Habasha ta hana shigo da motoci masu shan mai a 2024, amma sai da ta fara gina babban dam a kan kogin Nilu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mu kuwa dam ɗin Kandaji shekaru nawa aka yi ana zancensa?

Akwai darasi kuma a kan titunanmu. Taksi mai jan kai da faba-faba yawancinsu Toyota ne, haka Hilux da Land Cruiser ne suka gaji hanyar Agadas. Dalili shi ne Japanawa sun ci gaba da ƙera mota mai sauƙin gyara, wadda kayanta ke samuwa a kowace tasha. Peugeot ta fahimci hakan a makare, ta fito da Landtrek a 2020, aka kuma sake buɗe haɗa motocinta a Kaduna tare da Dangote a 2022. Kasuwar da aka saki ba ta dawowa da kirari.

Saboda haka, shawarar wannan fili ga mai niyyar sayen mota ita ce: kafin ka tambayi gudunta, tambayi tsayin cikinta daga ƙasa, tambayi ko kayanta na nan a Yamai ko Kano, tambayi wane gareji ne ke da na'urar binciken ƙwaƙwalwarta. Ga hukumomi kuma: makarantun koyon sana'a su fara horar da yara kan wayoyi da batir tun yanzu, duwan ta tsara ƙa'idar auna lafiyar batir kafin a shigo da mota, kada ƙasar nan ta zama jujin Turai. Yaron da ke riƙe wa maigidansa sifana yau shi ne zai karɓi waɗannan motoci a 2040. In ba a koya masa ba, shi da mai motar duk sun shiga uku.

Samari su ci gaba da yabon dokinsu, dattawa su ci gaba da kewar raƙuminsu, gardama ai gishirin fada ce. Amma tun ran gini ran zane. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.