Tsohuwar PS2 ta ƙi mutuwa a Batsari da Safana, kuma akwai sana'a a cikinta

Ɗan'uwa matashi, in kana bin shafukan gem a TikTok da Facebook za ka ɗauka duniya kaf ta koma PS5. Amma leƙa gidan gem a garuruwa irin su Batsari da Safana ka ga abin da ke kan tebur. Sau da yawa PS2 ce, baƙa, ta sha ƙura, an ɗaure wayar pad ɗinta da salatif, yara sun yi layi suna jiran a ci wani su karɓa. Kamfanin Sony ya fitar da ita a shekarar 2000, ya daina ƙera ta a farkon 2013, ya kuma rufe sashen gyaranta a Japan a 2018. Wato wanda ya haife ta ma ya sallame ta. Masu riƙe da ranta yanzu su ne yaran da ke kwance ta da sukundireba a bakin kasuwa.

Kada ka ce talauci ne kawai. Talauci na ciki, ba musu. PS5 ta fito a 2020 a kan dala 499. In ka lissafa dala a naira 1,500, kuɗin ya kusa naira 750,000, fiye da albashin wata goma na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Amma akwai dalilai biyu da suka fi kuɗi ƙarfi a wannan yanki: wuta da sabis.

Ka tuna 2021?

A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana, saboda yaƙi da 'yan bindigar da ke dajin Rugu da kewaye. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma hana sana'ar cajin waya a yankunan da abin ya shafa. An kwashe watanni a haka. Duk wanda nishaɗinsa ke rataye da data, a lokacin ya ga ta kansa. Wayar da aka saya da tsada ta koma tocila da rediyo.

Ita PS2 ba ta san da zaman sabis ba. Ba ta neman ka buɗe asusu, ba ta tsayar da kai ta ce sai ta sauke sabon abu daga intanet. Ka ba ta wuta da talabijin, shi ke nan. Wutar ma kaɗan take ci: siririyar nan da ta fito a 2004 ba ta kai wat 50 ba, alhali PS5 kan ja wajen wat 200 in ana wasa. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, wannan bambanci ya zama na riba da asara. Mai gidan gem da ke da ƙaramin sola da batir zai iya kunna PS2 uku ko huɗu a wutar da PS5 ɗaya za ta shanye.

Sannan ga yawa. An sayar da PS2 sama da miliyan 160 a duniya, babu na'urar gem ta gida da ta kai ta. Shi ya sa kayan gyaranta ba sa yankewa. Wadda ta mutu a Ingila ko Amurka tana shigowa cikin kayan tokumbo, ta bi ta kasuwar Alaba a Legas, ta iso Kano, daga nan ta ƙaraso Katsina. In ba ta tashi ba, a cire idonta da fankarta a ceci wata.

Me ke kashe ta, me ake yi mata?

Ciwonta na farko shi ne idon da ke karanta faifai. Ƙurar hunturu ta rufe shi, shekaru su rage masa ƙarfi, sai ka sa faifai ta yi ta juyi ba ta karanta ba. Wani lokaci goge shi da auduga da sifirit ya isa, wani lokaci sai an canza. A siririyar kuma akwai wata lallausar waya da ke bin idon, in ta ɗago sai ta riƙa zana da'ira a jikin faifai har ta lalata shi. Ciwo na biyu wuta ce. Wadda aka ƙera don Amurka ko Japan tana son wuta wajen bolt 110, tamu kuwa 230 ce. Ka cusa babbar PS2 ta can a soket kai tsaye, sai ka ji ƙauri. Janareta mai hawa da sauka shi ma yana ƙona adafta da fis. Na uku zafi: fanka ta toshe, a rufe ta a shago mai rufin kwano a watan Afrilu, sai ta fara ɗaukewa.

Daga nan ne aka zo ga abin da ake kira juya ta. Tun da ido ne matsala, sai masu fasaha a duniya suka nemi hanyar raba ta da faifai gaba ɗaya. Ana sa wata manhaja mai suna Free McBoot a memorinta, sannan wata mai suna Open PS2 Loader ta riƙa ɗauko gem daga filashi ko hadis. Amma ka san abu biyu kafin a yi maka daɗin baki. Ramin filashin PS2 tsohon yayi ne mai nawa, shi ya sa bidiyon cikin gem ke sarƙewa. Babbar ta fi daɗi don ana iya sa mata hadis a ciki. Kuma siraran ƙarshe-ƙarshe ba sa karɓar Free McBoot ta hanyar da aka saba, don haka duba lambar da ke ƙasanta kafin ka biya.

Ka taɓa tambayar kanka yadda aka yi kake ganin Osimhen da Lookman a gem ɗin ƙwallo na PS2, alhali PES 2014 ce ta ƙarshe da Konami ya yi mata? Masoya ne ke zama su canza sunaye da riguna da ƙungiyoyi duk kakar wasa. A Barazil, wani mai gidan gem ya fara irin wannan a 2007 da sunan Bomba Patch, yau sunan ya zagaye ƙasar. To me ya hana yaron Safana ya zauna ya sa Katsina United da Kano Pillars da rigunansu? Kwamfuta ɗaya da haƙuri ake nema.

Inda gizo ke saƙa

Gaskiya ɗaya ce: yawancin abin da muke kira gyara, kwafe ne. Mutum ya iya tura gem a filashi sai ya kira kansa injiniya. Wannan ba ta da tsawon rai, don duk wanda ya kalli bidiyo biyu a YouTube ya iya. Kuma tana da hatsari ta fuskar doka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta haramta sayar da kwafen aikin wani ba izini, ta kuma taɓo batun karya makullin da kamfani ya sa wa kayansa. Rashin ganin an kama wani bai sa abin ya halatta ba.

Sana'ar da ke da gobe ita ce ta fanel: ka iya riƙe mita, ka bi wuta daga soket har inda ta tsaya, ka gane fis ne ya tafi ko kafasita, ka narka dalma ba ka ƙona na kusa ba. Wanda ya koyi wannan a jikin PS2 ya samu makaranta mai arha, don sassanta manya ne in ka gwada da na waya, in ka lalata ma asarar ba ta kai ta kashe wayar mutane ba. Hannun da ya iya wannan shi ne gobe zai gyara inbata, da na'urar cajin sola, da POS, da talabijin. Waɗannan kuwa su ne ke cika ƙauyukanmu yanzu, kuma duk wanda tasa ta lalace a Runka ko Wagini sai ya yi tunanin kuɗin mota da halin hanya kafin ya kai ta Katsina ko Dutsin-ma. Mai gyara a gida ya rage wa mutane tafiyar da ba dole ba.

Duniya ma ta juyo nan. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata. A 2024 Tarayyar Turai ta amince da dokar da ke ƙarfafa 'yancin gyara kaya maimakon jefarwa. Abin da suke kafa wa doka, mu larura ta koya mana tuntuni.

Sai dai a kula. Dalma guba ce: kada ka narka ta a rufaffen ɗaki, kada ka ci abinci ba ka wanke hannu ba, kada a ƙona wayoyi don cire jan ƙarfe kusa da yara. Mai gidan gem kuma ya san cewa ƙorafin iyaye na da tushe. In shagonka ya zama wurin caca ko maɓoyar masu gudun makaranta da Islamiyya, kai ka jawo a rufe shi, ka kuma shafa wa sauran kashin kaji.

Ga hukumomi, ba a neman wani gini. Cibiyar koyar da sana'o'in matasa da ke Katsina da shirye-shirye irin 3MTT na gwamnatin tarayya su tuna cewa fasaha ba ta tsaya a rubuta manhaja ba. Mita, da ayan na dalma, da malami ɗaya da zai zo ƙaramar hukuma sau biyu a mako za su yi aiki a inda sabis ke iya ɗaukewa kowane lokaci.

Kai kuma, in akwai matacciyar PS2 a ƙarƙashin gadonku, kada ka ba 'yan gwangwan a canza maka da roba. Cire ta daga wuta, ɗauki hoton kowane mataki kafin ka kwance, ka jera kusoshin a murfin kwalba, ka nemi wanda ya fi ka sani ka zauna kusa da shi. In ta tashi, ka samu gem. In ba ta tashi ba, ka samu darasin farko da kayan gyaran ta gaba.