IDAN KUƊIN HARAJI YA DAWO: IKKO CE ZA TA BIYA KO JALINGO?

A cikin sababbin dokokin haraji na Tarayya da suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, akwai wani sashe wanda dattawan Arewa mazauna Kurmi da wuya su gaskata shi, watau wai hukuma tana iya mayar wa mutum kuɗin da ya biya fiye da ƙima. Ba a kuwa ga laifinsu ba. Duk wanda ya girma a zamanin En'e ya san haraji hanya ɗaya yake bi, daga hannun talaka zuwa na mai unguwa, daga nan sai dagaci, sai hakimi, sai baitulmali, kuma ba a saba ganin ya juyo da baya ba. Neman kuɗin harajin nan ma yana cikin abubuwan da suka riƙa kora samari ci-rani da zarar an gama kaka, kafin Gwamna Abubakar Rimi na Kano da Gwamna Balarabe Musa na Kaduna su soke haraji da jangali a jihohinsu cikin 1979.

Amma maganar gaskiya ce. Ɗaya daga cikin dokoki huɗu da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, ta ce wanda ya biya fiye da abin da ake binsa za a mayar masa da rarar, bayan an binciki lissafinsa, cikin kwana 90 daga ranar da hukuma ta yanke shawarar biya. Idan ya ga dama kuma yana iya cewa a bar kuɗin a can, a cire shi daga harajin da ke gabansa. Wanda ya bari shekara 6 ta wuce bai nema ba, shi ke nan, ya yi asara. Tsohuwar doka ma ta tanadi irin wannan a takarda, sai dai ƙaramin mutum bai cika jin labarinsa ba, balle ya gan shi a hannu.

Yaya aka yi mutum zai biya fiye da ƙima? Dalili shi ne yawancin harajin da ake karɓa kirdado ne, ana yankar sa tun shekara ba ta ƙare ba, tun ba a san abin da mutum zai samu ba.

A ɗauki misalin mutumin unguwar Sintali ta cikin garin Jalingo, wanda ya bar iyali a gida yana gadi a wani kamfani a Apapa, albashinsa N100,000 a wata, watau N1,200,000 a shekara. In an bar maganar fansho gefe, a tsohon lissafi harajinsa N78,000 ne a shekara, ko N6,500 kowane wata. A sabon lissafi kuwa N800,000 na farko babu haraji a kansa, sauran N400,000 ɗin ne ake cire wa kashi 15 cikin 100, ya kama N60,000. Bugu da ƙari, doka ta yarda a rage wa ɗan haya kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da ya biya, muddin ragin bai wuce N500,000 ba. To, idan ɗakin da yake haya a Agege N300,000 ne a shekara, harajinsa ya sauko N51,000. Ke nan idan akawun kamfanin ya ci gaba da yanka da tsohon jadawali, kuma mai gadin bai kai shaidar haya ba, a ƙarshen shekara gwamnati na riƙe masa da N27,000. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai aika kuɗin cefane gida.

Matsalar a nan ita ce rasit. Da yawa cikin 'yan ci-rani a shago suke kwana, ko su haɗu su biyar su kama ɗaki ɗaya da sunan mutum guda, ga masu gidajen haya da ba su son rubuta ainihin abin da suka karɓa. Ragin haya kuwa na wanda ya bayyana abin da ya biya ne.

Na ɗan kasuwa ya fi wannan nauyi. A ce wani ɗan Sintalin yana saro masara a kasuwannin Taraba yana kai wa wani kamfanin abincin kaji a kusa da Badun, a shekara ya kai ta N10,000,000. Bisa ƙa'idar da ta fara aiki a Janairu, 2025, kamfanin zai riƙe kashi 2 cikin 100 ya kai wa hukuma da sunansa, watau N200,000, in kuwa ba shi da lambar mai biyan haraji sai a ninka. Wannan kuɗi kafin alƙalami ne, ba shi ne harajin ba. Idan bayan an fitar da kuɗin saye da na mota da na 'yan dako ribarsa ta shekara ta tsaya N1,500,000, ainihin harajinsa N105,000 ne, saura N95,000 nasa ne. Amma fa sai ya karɓi takardar shaidar abin da aka riƙe, ya kuma iya nuna lissafin ribar. Tikitocin da ake yanka wa manyan motoci a shingaye, tun daga hanyar Wukari har cikin Kurmi, ba harajin samu ba ne. Iyakarsu su shiga lissafin abin da aka kashe, babu mai mayar da su.

Abin da ya fi rikita mai ƙafa biyu shi ne wace jiha zai tunkara. Harajin mutum ɗaya ba na Hukumar Tarayya ba ne, in ban da irin su sojoji da 'yan sanda, na jiha ne. Kuma ba jihar da aka haifi mutum ake dubawa ba, ko inda iyalinsa suke, sai inda yake zaune. Ƙa'idar da aka gada daga dokar 1993 ta ce a duba mazaunin ma'aikaci a ranar 1 ga Janairu, idan kuwa yana da gida biyu a jihohi biyu, a ɗauki wanda ya fi kusa da wurin aikinsa. Saboda haka mai gadin Apapa, ko da yana da gida ginin siminti a Sintali, Jihar Legas ce ta karɓi kuɗinsa, ita ce kuma za ta mayar. Idan ya jira sai ya je gida da Sallah ya nufi ofishin haraji na Jalingo, zai ɓata tafiyarsa ne kawai, domin ba a tambayar mutum ajiyar da ba a ba shi ba. Haka shi ma mai masara, ya kamata ya san adireshin da ya ba kamfani, don can kuɗinsa ya tafi. Wanda ya ba da adireshin wani ɗan uwa a Sabo ta Badun don sauƙi, alhali a Jalingo yake zaune, yana iya wayar gari Jihar Oyo na riƙe da rararsa, Taraba kuma na binsa harajin shekarar cif.

To, idan kuɗin ya faɗo ba zato fa? Mutane kan ɗauke shi tsuntsu daga sama gasasshe. Ba haka yake ba. Ko dai guminsa ne aka dawo masa da shi bayan an riƙe wata da watanni, ko kuwa kuskure ne, doka kuma ta ba hukuma ikon neman abin da ta mayar bisa kuskure, ban da tarar da ke kan wanda ya yi ƙarya don ya samu. Mai hankali zai fara neman takardar da ta nuna na wace shekara ne, da yadda aka lissafa shi, kafin ya sa hannu a ciki. Akwai kuma 'yan damfara, waɗanda irin wannan doka kan zame wa kasuwa: saƙon waya ya zo wai an amince a mayar da haraji, sai a aiko da lambar sirri ta katin banki. Babu ofishin harajin da ke neman wannan lamba.

Ga mai albashi, karɓar kuɗin a hannu shi ya fi, tunda za a ci gaba da yanka masa kowane wata ko ya so ko bai so ba, ya dai tabbata akawu ya gyara jadawalin. Ga ɗan kasuwa kuwa, barin rarar a kan harajin baɗi ya fi hikima sau da yawa. A Amurka mai sana'ar kansa sau huɗu a shekara yake biyan kirdadon harajinsa, shi da kansa yake yin kirdadon. A nan kuwa, wanda bai kai bayanin samunsa ba, malamin haraji ne zai yi masa, bisa abin da ya ga ya dace, ya dubi girman shago ko yawan buhuna ya yanka. Shi ne dai tsohon kirdadon dagaci ya dawo da biro da kwamfuta. Bambancin kawai, yanzu mutum yana da kwana 30 daga ranar da takarda ta iske shi ya rubuta cewa bai yarda ba, ya kawo dalilansa. In ya yi shiru kwanakin suka cika, adadin ya zauna. 'Yan kasuwa da dama a lokacin damina suna gida wajen noma, takarda kuma tana iya zuwa shago a Mile 12 ta tarar da yaro.

Ba a ce komai zai tafi sumul ba. Kwana 90 ɗin nan ba daga ranar da mutum ya nema ake ƙirga su ba, sai daga ranar da hukuma ta gama bincikenta ta yanke shawara, nan kuwa ne jinkiri kan ɓuya. Jihar da ke kukan rashin kuɗin shiga ba za ta yi gaggawar fitar da abin da ya riga ya shiga asusunta ba. Sabuwar doka ta kafa ofishin sauraron koke-koken masu biyan haraji, amma shi ma takarda zai fara tambaya. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Agege da Idi-Araba da Shagamu suna iya ɗaukar akawu ɗaya ya riƙa duba wa jama'arsu waɗannan takardu, kamar yadda suke haɗa kuɗin lauya idan wata rigima ta taso.

Kamfanoni za su kai lissafin albashin ma'aikatansu na 2026 kafin ƙarshen Janairu, 2027. Shi kuwa mutum ɗaya, mai albashi ne ko ɗan kasuwa, wa'adin kai bayanin samunsa shi ne 31 ga Maris, 2027, a ofishin harajin jihar da yake zaune.