Ba kowane jini ne basir ba

Duk ranar kasuwa za ka ji mai lasifika yana tallar maganin basir, mai tsiro da marar tsiro, dattawa kuma suna miƙa kuɗi. A cikinsu akwai wanda jinin da yake gani a bayan gida na sankarar babban hanji ne. Zai yi shekara yana shan sassaƙe, yana ramewa, sai abu ya ci tura a ɗauke shi zuwa Yamai.

Wasu suna ganin mafita ita ce a kafa rumfa, a rataya ƙyalle, a yi wa jama'a gwajin kyauta na yini guda, a ɗauki hoto a watse. Ni ban yarda ba.

Gwajin jama'a yana ceton rai, wannan babu gardama. Binciken Minesota na 1993 ya nuna gwajin neman jini a bayan gida kowace shekara ya rage mutuwa daga wannan cuta da kashi 33 cikin 100. A Notingam ta Ingila, inda aka riƙa yin sa duk shekara biyu, raguwar kashi 15 ce. A arewacin Kalifoniya, Kaiser Permanente ta riƙa aika wa mutane kayan gwaji har gida, tana bin wanda bai maido ba. Daga 2000 zuwa 2015 masu yin gwaji sun tashi daga ƙasa da kashi 40 zuwa sama da 80, mace-mace suka ragu da kamar rabi.

To amma ku dubi abin da ke cikin tukunyar. Akwai rajistar sunaye, akwai maimaitawa shekara bayan shekara. Uwa uba, duk wanda aka ga jini a nasa ana zura masa na'ura mai kyamara ta dubura a duba hanjin, a cire ƙananan tsiro tun ba su rikiɗe sun zama sankara ba. Gwajin bayan gida jini kawai yake nunawa, bai san daga ina ya fito ba. Idan babu na'urar, babu ƙwararren da zai riƙe ta, me aka yi wa mutum ban da ɗora masa fargaba?

Ko inda aka tanadi komai, jawo mutane aiki ne. Faransa tana gayyatar ƴan shekara 50 zuwa 74 duk shekara biyu, kyauta, amma kamar mutum ɗaya cikin uku ne ke amsawa. Balle mu da kunya ke hana dattijo ambaton duburarsa gaban ɗan cikinsa.

Ga kuma wata matsala tamu. Da aka gwada wannan hanya a kudu maso yammacin Najeriya, kusan mutum ɗaya cikin biyar aka ga jini a nasa, amma da aka duba da na'ura ƴan ƙalilan ne ke da sankara. A ƙasashenmu basir na gaskiya da atini da tsutsar ciki duk suna kawo jini. Ka auna mutum dubu a Maraɗi ko Tawa, ka ce wa ɗari biyu su je a duba hanjinsu. Ina za su? Wa zai biya mota da masauki? Cibiyar yaƙi da sankara tana Yamai, manomi kuwa yana ƙauye da damina a kansa.

Kuɗin rumfa da riguna a sa su wajen na'ura da horar da likitoci a asibitocin jihohi, a fara da masu alama: jini a bayan gida, zawo ko taurin ciki da ya ƙi ƙarewa makonni, rama babu dalili, ƙarancin jini, da wanda mahaifi ko ɗan'uwansa ya yi cutar.

Malamai, ku ne ake kawo wa takardar likita ku karanta, ku ne ke tsayawa gaban taron iyayen yara. Ku faɗi waɗannan alamomi da Hausa, ba kwana-kwana. Wanda tsohonsa ya wuce hamsin kuma ya daɗe yana sayen maganin basir, ya kai shi asibiti, ya tambayi likita ko akwai bukatar duba hanji, da kuma inda ake yi.