Dinorado: Sunan Shinkafa Mai Uwa Biyu

Na daɗe ina ganin cewa wanda ke son sanin tarihin al'umma ya leƙa rumbunta kafin ya leƙa fadarta. Wannan makon rumbun mutanen Filifin na leƙa, inda na ci karo da wata shinkafa mai ƙamshi da ake kira dinorado, wadda tsibirin Mindoro ya yi suna wajen nomanta.

Tushen kalmar baƙo ne. Daga dorado ta fito, wato mai launin zinariya a harshen Sifaniyanci, harshen waɗanda suka mulki tsibiran daga 1565 zuwa 1898. Amma masu magana da Tagalog ba su karɓe ta yadda ta zo ba. Suna da wani ɗan ɗafi, -in-, da suke cusawa cikin kalma bayan baƙin farko, mai nuna an aikata wa abu wani aiki. Haka sigang ta haifi sinigang, miyarsu mai tsami. Da suka cusa shi cikin dorado sai ta koma dinorado, abin da aka mayar ruwan zinariya. Jiki na Sifaniya, numfashi na Tagalog.

Abin lura shi ne, kalmomin da ke riƙe da rayuwa ba a are su ba. Shinkafa shanshera palay ce, 'yar'uwar padi ta Malay. Wadda aka sheme bigas, dafaffiya kanin, ƙanzo kuwa tutong. Baƙin sunaye irin su dinorado da milagrosa, wato mai mu'ujiza, sun tsaya ne a kan iri da ado.

Suna kuwa kuɗi ne. Da 'yan kasuwa suka gane mai saye yana biyan ƙari saboda suna, sai suka riƙa liƙa sunaye masu daɗi a kan kowane buhu. A 2018 gwamnatin ƙasar ta hana sayar da shinkafa da irin waɗannan laƙabobi, ciki har da sinandomeng, ta ce a rarraba ta bisa inganci. Na fahimci dalilinta, amma ban gamsu ba ƙwarai. Maƙaryacin da ya ari sunan ya kamata a kama, domin manomin Mindoro da ya shuka dinorado ta gaskiya ba shi da wata shaida a kasuwa sai wannan suna.