Jemage A Ƙasa: Kada A Taɓa, Kada A Kashe

Sharhinmu na yau ya waiwayi Rano da Kibiya a Jihar Kano, ƙasar duwatsu da kukoki da ɗorawa, inda jemage yake maƙwabcin kowa.

Idan bazara ta yi tsanani, ko hadarin farkon damina ya taso da iska, akan wayi gari a ga jemage yashe a gindin mangwaro ko a bakin zaure, yana jan jiki da fukafukansa, baki buɗe. Kafin babba ya ankara, yara sun kewaye shi. Wannan ya zungure shi da kara, wancan ya ɗauko danƙo, wani kuma ya kama fiffike ya ɗaga yana nuna wa 'yan'uwa. A wannan ɗan lokaci ake yin ɓarna biyu: a jefa yaro cikin haɗari, a kuma kashe halittar da take yi mana aiki.

Mu fara da haɗarin. Jemagu na iya ɗaukar ƙwayoyin cuta dangin ta haukan kare. A nan Nijeriya aka fara gano ɗaya daga cikinsu, a jikin jemage a Legas, a 1956. Wata 'yar'uwarta ta kashe mutum a Afirka ta Kudu a 1970 da kuma 2006, sannan a 2007 ta kashe wata mata 'yar ƙasar Holan da jemage ya yakusa a Kenya. Ba kowane jemage ke ɗauke da ita ba, amma wanda ya faɗo ƙasa da rana tsaka ya fi zama abin tuhuma. Haƙoran ƙananan jemagu sirara ne ƙwarai, sai su huda fata ba a ga jini ba. Irin wannan ciwo kuwa, da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tashi.

To me za a yi? Da farko a janye yara, a kori kare da kyanwa. Kada a sa hannu tsirara ko kusa. A kifa masa kwando ko kwali, a zura faifai ko wani kwalin ta ƙasa, a ɗauke shi. In ya zama dole a kama, a sa safar hannu mai kauri ko a ninka tsumma. A huda wa kwalin ƙananan ƙofofi, a saka masa ƙyalle da zai maƙale, da ɗan ruwa a murfin kwalba, a ajiye a inuwa inda ba hayaniya. Kada a ɗura masa komai a baki.

Yawancin jemagu ba sa iya tashi daga ƙasa, sai sun saki jiki daga sama. Shi ya sa wanda ake zaton ya karye sau da yawa lafiyarsa ƙalau, gajiya ce ko ƙishirwa. Idan magariba ta kawo jiki, a kai kwalin jikin bishiya, a ɗaga shi sama da tsayin mutum, a buɗe, a ja da baya. Idan jariri ne, a kai shi kusa da inda iyayen suke kwana. In kuwa fiffike ya yage, ko yana karkarwa, ko ya kasa tashi, a sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Mataccen jemage a ɗauke shi da shebur a binne da zurfi. Kada a jefa wa kare, kada a feɗe don magani. Idan an ga sun mutu da yawa wuri guda, a gaya wa mai unguwa da jami'an lafiya nan take.

Ga wanda aka ciza ko aka yakusa, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a bayyane take: a wanke wurin da sabulu, ana kwarara ruwa, har tsawon minti 15. Ba toka, ba barkono, ba ɗauri. Daga nan a nufi asibiti a ranar, ko babban asibitin Rano ko mafi kusa, a faɗa wa likita cewa jemage ne, domin a duba batun allurar haukan kare. Iyaye, ku tambayi yaro da lallami. Yaron da yake tsoron bulala ɓoye cizon zai yi, ɓoyewar kuwa ita ke kisa.

Wani zai ce, to me ya sa ba za a kashe shi a huta ba? Manomin Rurum da na Tarai, a nan yankin, su dubi ɗorawar gonarsu. Jajayen furanninta da ke reto da rani, da dare jemagu ke zuwa shan zaƙinsu, su kwashi garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan. Da haka ake samun kalwa, da kalwa ake daddawa. Fararen furannin kuka da na rimi ma da dare suke buɗewa, jemage ne babban baƙonsu. Shi ke yaɗa ƙwallon kaɗanya da irin ɓaure cikin daji. Ƙananan da ke kwana a rufin ɗaki da tsagin duwatsu kuma ƙwari suke ci dare farai, har da sauro da masu ɓarnar amfanin gona. Addininmu ya koya mana cewa akwai lada a tausaya wa duk mai rai, ya kuma hana mu jefa kanmu cikin halaka. Kwali da tsumma sun isa a cika umarnin biyu.

Muna kira ga limamai da malaman makarantun boko da na allo, da dagatai da masu unguwanni a Rano da Kibiya, su isar da wannan saƙo ga yara kafin bazara ta kankama. Muna kuma kira ga hukumomin lafiya na Jihar Kano su tabbatar allurar tana samuwa a asibitocin karkara, kada sai an yi tattaki zuwa birni. Rigakafi dai ya fi magani.

Ƙarshen sharhin ke nan. Allah ya tsare mu da iyalanmu.