Gishiri a Yawon Kirsimeti

'Yan'uwa manoma, bayan girbi wasunmu daga Yalwawa mukan kai yara Gidan Zoo na Kano yawon Kirsimeti. A can mukan ci shinkafar gidan abinci da tsire, duk an cika musu gishiri da magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Na yara bai kai haka ba. Yawan gishiri yana tayar da hawan jini. In maigida ya kwanta, wa zai nome gonar? Mu riƙa yin guzuri daga gida: dafaffen ƙwai, dankali, lemo da ruwa. Rigakafi ya fi magani.