Juya Teburin Bayanai da SQL: Fa'idodi da Illoli

Rumbun bayanai yana ajiye ciniki ne a jere, kowanne da layinsa: sunan kaya, wata, kuɗi. Manaja kuwa so yake ya ga kayan a gefe, watanni 12 a sama, jimilla a tsakani, irin yadda Excel ke fitarwa. Ana iya yin wannan juyi tun daga cikin rumbun, da harshen SQL.

Babbar fa'idarsa ɗaukar nauyi. Shafin Excel ba ya wuce layi 1,048,576, alhali rumbun yana iya tattara miliyoyin layuka ya miƙo maka ɗan taƙaitaccen tebur. Umarnin kuma sau ɗaya ake rubuta shi. Ƙarshen kowane wata sai a sake tura shi, lissafi ya fito iri ɗaya, ba kwafe-kwafe da hannu, ba gardamar wa ya taɓa fayil.

Sai dai kowane gida da nasa tsari. Microsoft ta sa umarnin PIVOT a SQL Server 2005, Oracle ta biyo baya a 11g, PostgreSQL na da crosstab, MySQL kuwa ba shi da ko ɗaya, sai a haɗa SUM da CASE ginshiƙi bayan ginshiƙi. Hanyar CASE tana da tsawo, amma ita ce ke aiki kusan ko'ina, shi ya sa na fi yarda da ita.

Illar da ta fi ciwo ita ce SQL yana son a faɗa masa sunayen ginshiƙai tun kafin ya fara. Watanni ba sa ƙaruwa, to ba matsala. Amma in rassan kamfani ne a sama, ranar da aka buɗe sabon reshe cinikinsa ba zai fito ba, kuma kwamfuta ba za ta ce uffan ba. Masu gudun wannan sukan sa manhaja ta riƙa harhaɗa umarnin da kanta, wanda in ba a kula ba ƙofa ce ga masu kutse.

Crosstab ma na da tarkonsa: a sauƙaƙƙen nau'insa, in babu cinikin sukari a Fabrairu, kuɗin Maris sai ya zame ya zauna a gurbin Fabrairu. Tebur ya fito tsaf, lissafi kuwa ƙarya.

In ginshiƙanka tsayayyu ne kuma bayanan na da yawa, yi juyin a SQL. In suna canzawa, tattara jimillar a rumbun, ka bar wa Excel sauran aikin.